Gezar Zaki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Laimar Kwaɗin da Ake Cewa Tana Gyara Ƙwaƙwalwa

A 'yan shekarun nan sunan wata laimar kwaɗi, gezar zaki, ya karaɗe intanet. Ana sayar da garinta, ana ɗura ta a kafso, ana gauraya ta da kofi, kuma kusan kowane talla alƙawarinsa ɗaya ne: kaifin basira da maganin mantuwa. Masu tambaya a kanta galibi kashi biyu ne. Akwai ɗalibai da ma'aikata da ke son hankalinsu ya taru wuri guda, akwai kuma 'ya'yan da suka ga mahaifi ko mahaifiya sun fara mantuwa, hankalinsu ya tashi. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Mece ce gezar zaki, kuma a ina take fitowa?

Nau'in laimar kwaɗi ce da ake ci, dangin abin da wasu ke kira naman ƙasa ko naman kaza. Sunanta na kimiyya Hericium erinaceus, a jikin kwalaben da ake sayarwa kuma za ka ga an rubuta Lion's Mane. A Japan ana kiranta yamabushitake.

Ba ta da hula da kara irin laimar da aka saba gani. Dunƙule ce fara sol, manne a jikin itace, duk jikinta tsinke-tsinke masu laushi da ke reto ƙasa, kowanne ya wuce santimita 1 a tsawo. Idan ta fara tsufa sai farin ya juya ruwan ɗorawa, daga baya ya yi ƙasa-ƙasa. Tana fitowa a dazuzzukan Arewacin Amurka da Turai da gabashin Asiya, a jikin matattun itatuwa masu faɗin ganye ko a inda itace mai rai ya ji rauni. A Birtaniya ta yi ƙaranci har dokar kare halittun daji ta 1981 ta hana tsinkarta. Kusan duk wadda ke kasuwa a yau nomata aka yi.

To abinci ce ko magani?

Abinci ce da farko. A Sin da Japan da Koriya ana dafa ta, kuma likitancin gargajiya na Sin ya daɗe yana ba da ita ga masu ciwon ciki. Kafso da garin da ake tallatawa kuwa ana sayar da su ne a matsayin ƙarin abinci, kuma wannan rabe-raben yana da nauyi. A Amurka, alal misali, dokar 1994 ta bar kamfani ya fitar da irin waɗannan kayan ba tare da ya fara gamsar da hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, cewa suna aiki ba. Ganin kwalba mai kyan rubutu a shago ba shaida ba ce cewa an gwada abin da ke ciki yadda ake gwada maganin asibiti.

Me ke cikinta da ya ja hankalin masu bincike?

Labarin ya faro ne daga wani furotin da jiki ke yi da kansa, wanda ake taƙaita sunansa da NGF. Aikinsa raya wasu ƙwayoyin jijiya da taimaka musu su yi rassa. Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen ne suka gano shi, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 1986. Matsalar ita ce ba za a iya haɗiye NGF ko a yi allurarsa a jini a sa ran ya kai ƙwaƙwalwa ba, domin akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke tare manyan sinadarai irinsa. Sai masana suka shiga neman ƙananan sinadaran da za su sa jiki ya ƙara samar da nasa.

A farkon shekarun 1990 Hirokazu Kawagishi da abokan aikinsa a Jami'ar Shizuoka ta Japan suka tace rukunin sinadarai biyu daga wannan laima. Na farko, hericenone, yana cikin farar dunƙulen da ake ci. Na biyu, erinacine, yana cikin fararen zaruruwan da ke ratsa cikin itacen, waɗanda za mu riƙa kira saiwa. Da aka zuba su kan ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje, sun sa an ƙara samar da NGF. A 2023 kuma masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostireliya, ƙarƙashin Frédéric Meunier, sun ba da rahoton cewa wani sinadarin nata ya sa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yin rassa, ya kuma inganta tunawa a ɓeraye.

Bayan waɗannan akwai beta-glucan, wani irin sukari mai sarƙaƙiya da ake samu a laimar kwaɗi da dama, wanda ake nazarin tasirinsa a kan garkuwar jiki da ƙwayoyin da ke zaune a hanji. Ka riƙe bambancin dunƙule da saiwa, zai yi maka amfani a amsar da ke bayanin zaɓen kwalba.

Da gaske tana maganin mantuwa?

Gwajin da kusan kowane talla ke jingina da shi an wallafa shi a 2009. An ɗauki Japanawa 30, maza da mata, masu shekaru 50 zuwa 80, waɗanda tunaninsu ya ɗan raunana amma bai kai cutar ɗimuwa ba. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya suka riƙa shan giram 3 na busasshen garin laimar kullum, ɗayan kashin aka ba su ƙwayar wofi mai kama da ita, ba wanda ya san abin da yake sha. Aka yi makonni 16. A mako na 8 da na 12 da na 16 makin masu shan laimar a gwajin tunani ya fi na sauran. Makonni 4 bayan an daina, makin ya sauka.

Wannan sakamako ne mai ƙarfafa gwiwa, kuma an tsara gwajin yadda ya kamata. Sai dai a dubi abubuwa uku. Mutum 15 kacal ne a kowane ɓangare, adadin da sa'a kaɗai na iya karkatar da shi. Watanni huɗu lokaci ne gajere ga matsalar da ke ɗaukar shekaru tana tafiya. Sannan jagoran binciken ma'aikacin wani kamfanin noman laimar kwaɗi ne, abin da ba ya nufin an yi ƙarya amma yana sa a so wasu da ba su da riba a ciki su maimaita aikin da mutane ɗaruruwa. Wani gwajin na Japan a 2019, mai mutum 31 da makonni 12, ya ga ci gaba a ma'auni ɗaya, sauran ma'aunan ba su motsa ba.

A ganina gaskiyar magana ita ce akwai alama, alamar kuma ta cancanci a bi ta da babban bincike. Wanda ya ce maka an tabbatar tana maganin mantuwa ya wuce gona da iri.

An ce mahaifina yana da cutar Alzheimer, wato wani nau'in cutar ɗimuwa. In saya masa?

Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ku ladan jinya. A Taiwan an wallafa wani gwaji a 2020 kan masu cutar a matakin farko. Sun sha kafso uku kullum, kowanne miligiram 350 na saiwar da aka ƙara wa erinacine A, har makonni 49, kuma mutum 41 ne suka kai ƙarshe. An ga ɗan bambanci a yadda suke iya gudanar da ayyukan yau da kullum. Gwajin share fage ne, kuma abin da suka sha haɗi ne na musamman, ba kowane garin da ke kasuwa ba. Babu hujjar cewa tana tsayar da cutar ko tana dawo da abin da ya tafi.

Idan kuna son gwadawa, ku faɗa wa likitansa, kada kuma a ajiye maganin da aka rubuta masa. Abin da ya fi damuna shi ne tsohon da ba a taɓa kai shi asibiti ba, aka yanke cewa tsufa ne, aka sayo kwalba. Mantuwa na iya fitowa daga ƙarancin bitamin B12, ko raunin aikin maƙoƙon wuya da ake kira tayirod, ko ciwon damuwa, ko rashin barci, ko ma wani maganin da yake sha. Da yawa daga cikin waɗannan ana gano su da gwajin jini kuma suna gyaruwa. Duk watan da aka ɓata ana jiran kafso ya yi aiki, wata ne da aka hana shi wannan damar.

Ni lafiyata ƙalau, karatu nake yi. Za ta ƙara mini kaifin basira?

A nan hujjar ta fi rauni. A Jami'ar Northumbria ta Ingila an gwada mutum 41 masu shekaru 18 zuwa 45, giram 1.8 kullum na kwana 28, aka wallafa a 2023. Sun ɗan fi sauri a gwaji guda na mayar da hankali minti 60 bayan shan farko, a yawancin sauran gwaje-gwajen kuwa ba a ga bambanci ba. Wani gwajin a Amurka a 2022 ya ba matasa giram 10 kullum na makonni 4, bai ga wani canji a tunaninsu ba. Ɗalibin da ke barcin awa huɗu zai fi ganin sauyi idan ya mayar da shi bakwai.

Ana cewa tana rage damuwa, tana kawo barci.

A Japan a 2010 an ba mata 30 biskit, na wasu da garin laimar a ciki, na wasu babu, na makonni 4. Waɗanda suka ci mai garin sun ba da rahoton raguwar ƙunci da fargaba. A Italiya a 2019 an gwada ta makonni 8 kan mutum 77 masu ƙiba, aka ga sauƙi a yanayin zuciya da barci, amma ba a yi amfani da ƙwayar wofi ba. Wannan gibi ne babba, domin a harkar damuwa sa rai kaɗai yana sa mutum ya ji sauƙi.

Ciwon damuwa mai tsanani cuta ce da ke da magani. Wanda ya kai ga daina cin abinci, ko kasa tashi aiki, ko tunanin cutar da kansa, likita yake buƙata yau, kuma kada ya yanke maganinsa don ya koma kan laima.

Jijiyar da ta lalace fa, kamar ta mai ciwon suga ko wanda ya yi haɗari?

Masu bincike a Jami'ar Malaya ta Malesiya sun murƙushe jijiyar ƙafar ɓeraye, suka riƙa ba wasunsu ruwan laimar, sai ƙafar waɗannan ta fi saurin dawowa aiki. Daga nan ne maganar gyaran jijiya ta samo asali.

Yana da kyau a fahimci dalilin da ya sa irin wannan sakamakon bai isa ba, domin ya shafi amsoshi da dama a shafin nan. Ɓeran gwaji ƙarami ne mai ƙoshin lafiya, an ji masa rauni iri ɗaya a rana ɗaya, kuma sau da yawa abin da ake ba shi, idan aka auna da nauyin jikinsa, ya fi abin da mutum zai sha. Jijiyar mai ciwon suga kuwa shekaru ta yi tana lalacewa, sukarin da ke cinta kuma yana nan. Tarihin haɗa magunguna cike yake da sinadaran da suka yi abin mamaki a ɓeraye suka kasa a mutane. Ga mai jin ƙafarsa na zafi ko tana mutuwa, daidaita suga da duba tafin ƙafa kullum su ne abin da aka tabbatar.

Gyambon ciki?

Wannan ne amfaninta mafi daɗewa a gargajiyar Sin. A ɗakin gwaje-gwaje ruwanta ya hana ƙwayar H. pylori yaɗuwa, kuma ita ce ke haddasa gyambon ciki da yawa. A ɓeraye ya kare bangon ciki daga ƙuna. Amma wanda aka tabbatar yana ɗauke da ƙwayar, maganinsa sananne ne: haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na rage tsamin ciki, na kimanin kwana 10 zuwa 14. Aman jini ko baƙin bayan gida kuwa alama ce ta zubar jini a ciki, asibiti ake nufa kai tsaye.

Ciwon suga, kitsen jini, sankara?

Sakamakon da ake yaɗawa a kan waɗannan daga ɓeraye da kwanon gwaji ya fito, don haka a koma ga bayanin da ke amsar jijiya. Duk wanda ya ce wa mai sankara ya bar asibiti ya sha laima, yana wasa da ransa ne.

Tana da illa?

Yawancin waɗanda suka sha ta a gwaje-gwajen da aka ambata ba su sami wata matsala ba. Abin da aka fi gani shi ne murɗawar ciki, tashin zuciya, gudawa da ƙuraje, har wasu kaɗan suka janye daga gwajin Taiwan saboda haka. Akwai kuma rahoton likitoci daga Japan a 2003 kan wani dattijo ɗan shekara 63 da numfashinsa ya sarƙe har aka kwantar da shi, bayan ya yi watanni yana shan busasshen garinta, kuma likitocin sun danganta abin da ita. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya isa a ɗauki gargaɗi. Idan ka ga borin jini, ko leɓe da fuska sun kumbura, ko numfashi ya yi nauyi, ka daina nan take ka nemi asibiti.

Su wa ya kamata su yi taka-tsantsan?

Wanda jikinsa ba ya jituwa da kowace irin laimar kwaɗi ya bar ta gaba ɗaya, mai asma kuma ya fara tuntuɓar likita. Masu shan magungunan tsinka jini irin su warfarin da aspirin su ma haka, domin an nuna a ɗakin gwaje-gwaje cewa hericenone B na rage haɗuwar ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Saboda wannan dalilin, wanda za a yi wa tiyata ya sanar da likitocinsa, galibi kuma ana shawartar a dakatar da irin waɗannan kayan makonni 2 kafin aikin.

Mai shan maganin suga ya ƙara yawan awo idan ya fara, tunda ta sauke suga a dabbobi. Wanda aka yi wa dashen ƙoda ko yake shan maganin danne garkuwar jiki kada ya taɓa ba da izinin likita ba. Masu juna biyu da masu shayarwa da yara ba a yi gwajin kafso a kansu ba, barinsa ya fi.

Tana bugarwa?

A'a. Laimar da ke juya hankali wani jinsi ne daban mai ɗauke da sinadarin psilocybin, gezar zaki kuwa ba ta da shi. Abin lura kawai shi ne ruwanta da ake sayarwa a ƙananan kwalabe na ɗigawa, wanda sau da yawa da barasa ake tace shi kuma barasar na nan a ciki. Mai guje wa barasa ya karanta jerin kayan haɗin, ko ya tsaya a gari da kafso.

Nawa ake sha, kuma yaushe za a ga sakamako?

Babu ƙayyadadden awo da wata hukumar lafiya ta tsayar. Yawancin gwaje-gwajen mutane sun yi amfani da kimanin giram 1 zuwa 3 a rana, na makonni 4 zuwa 49. A gwajin 2009 sai a mako na 8 aka fara ganin bambanci, don haka mai cewa ya ji kansa ya buɗe a ranar farko wataƙila kofin da aka gauraya ta da shi ne ya yi aikin. A fara da kaɗan, tare da abinci. Kada kuma a fara ta rana ɗaya da wani sabon abu, in ba haka ba idan jiki ya yi bore ba za a san mai laifin ba.

Kwalabe sun yi yawa. Ta yaya zan zaɓa?

Fara da duba wane sashe aka yi amfani da shi. Wasu kamfanoni dunƙulen suke busarwa su niƙa. Wasu kuwa saiwar suke shukawa a kan dafaffiyar shinkafa ko wani hatsi, idan ta mamaye shi sai su niƙe duka tare, saboda ba a iya raba su. Abin da ke fitowa yana iya zama rabinsa ko fiye sitacin hatsi ne. Wannan ba ya nufin saiwa banza ce, ai a cikinta erinacine yake kamar yadda aka faɗa a sama, amma saiwar da aka yi gwajin Taiwan da ita an rena ta ne a cikin ruwa a manyan tankuna, aka kuma auna sinadarin da ke cikinta.

Kwalbar kirki za ta faɗi cikakken sunan kimiyya, da sashen da aka ɗauka, da kason beta-glucan. Idan ta rubuta kason polysaccharide kawai, wato jimillar duk nau'ikan sukari masu sarƙaƙiya, ka sani sitaci ma yana shiga wannan lissafin, don haka babban adadi a wurin ba ya nuna inganci. Ka nemi shaidar cewa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya duba ta, musamman kan ƙarafa masu guba irin su dalma, domin laimar kwaɗi na tsotse abin da ke cikin makwancinta. Kwalbar da ta jero cututtuka goma ta ce tana warkar da su duka, ka mayar da ita inda ka ɗauko.

Yaya ake dafa ɗanyarta?

Kada a jiƙa ta, tana shan ruwa sosai. A kakkaɓe dattin, a yayyaga ta da hannu ko a yanka da kauri. A sa a busasshen kasko mai zafi ba mai, a danna ta da bayan cokali. Za ka ji tana tsuwa, ruwa na fita yana ƙonewa, tana motsewa har ta koma kusan rabin girmanta, tunda kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne. Sai gefunan sun fara yin ja sannan a zuba ɗan mai da gishiri. Namanta na da ɗan tauri mai daɗin tauna, masu cinta kuma na kwatanta ɗanɗanonta da na ƙaguwa. Wadda ta yi ruwan ɗorawa sosai takan yi ɗaci. Dafawa ta fi cinta ɗanye, domin zafi na sassauta bangon ƙwayoyinta mai wuyar narkewa.

Idan na ga mai kama da ita a daji, in tsinka?

Kada ka ci kowace laimar daji sai ƙwararre ya riƙe ta a hannu ya tantance. Hoto a waya bai isa ba. Akwai jinsin da ake kira Amanita phalloides, wanda shi ke da alhakin mafi yawan mace-macen guba ta laimar kwaɗi a duniya. Dafuwa ba ta kashe gubarsa. Mutum zai ci ya tashi lafiya, sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su fara, daga nan ya ji kamar ya warware, alhali hantarsa ce ke lalacewa. Duk wanda ya ci laimar daji ya fara amai a garzaya da shi asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci.

Ana iya nomanta a gida?

Ana iyawa, kuma tana cikin masu sauƙin reno. Ana haɗa garin katako da ɗan dusa a leda mai jure zafi, a turara sosai don kashe sauran ƙwayoyi, idan ya huce a zuba irin. Cikin makonni 2 zuwa 3 saiwar za ta ratsa haɗin. Sai a tsaga ledar kaɗan a gefe, a ajiye a inuwa mai iska da danshi sosai, a riƙa fesa ruwa a kewayenta. Ta fi son sanyi-sanyi, kimanin digiri 15 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyos, don haka a wuri mai zafi sai an sanyaya ɗakin. Ana cire ta idan tsinke-tsinken sun fito sun fara reto amma farin bai juya ba. Ledar da ta yi kore ko baƙi kuwa wani funfuna ne ya riga ta, a fitar da ita daga ɗakin a ɗaure kafin ta shafi sauran.